Macijin madara zabiya: fari ba shi ne tsantsar jini ba

Tambaya: Malam, daga Gombe nake. Na sayi macijin madara (milk snake, wani macijin kiwo) namiji, zabiya, mai sayarwa ya ce jinsin Nelson ne tsantsa. Macen da nake da ita mai launin asali ce. In na haɗa su zan samu zabiyoyi? Jinin zai zauna tsantsa?

Amsa: Ɗan'uwa, zabiyanci gado ne mai ɓuya, sai ɗa ya karɓe shi daga uwa da uba duka kafin ya bayyana. In macenka ba ta ɗauke da shi, ko zabiya ɗaya ba za ka gani ba a ƙyanƙyasar farko, amma duk 'ya'yan sun ɗauka. In tana ɗauke da shi, kusan rabi za su fito zabiyoyi. Masu launin asali biyu da ke ɗauke da shi kuwa, ɗaya cikin huɗu.

Maganar tsantsa ce ta fi damuna. Asalin wannan maciji nahiyar Amurka ne, ba shi da dafi, kuma jinsinsa da yawa: na Nelson daga Meziko, na Honduras, na Sinalowa da na Fuwebla (jihohi ne a Meziko). Duk suna barbarar juna. Masu kiwo da dama sun haɗa zabiyan Nelson da na Sinalowa don su kai zabiyancin ga jinsin Sinalowa, suka sayar da 'yan ruwa biyu da sunan tsantsa. Zabiya kuma ya rasa baƙin zoben da ake gane jinsi da shi, ido kaɗai ba ya raba gardama. Ka nemi tarihin iyaye da kakanni a rubuce. In babu, ka kiwata abinka, amma ranar sayarwa ka faɗi gaskiya cewa ba a tantance tsatsonsa ba. Jinin da ya gauraya ba ya komawa.

Kada son fari ya sa ka yi ta haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya. Lanƙwasar ƙashin baya da raunin 'ya'ya kan biyo baya. Ka riƙa shigo da sabon jini daga jinsin guda.

Ka raba su da zarar an gama barbara, domin danginsu na cin macizai. Ƙwai na son zafin digiri 27 zuwa 28 a ma'aunin Celsius na kusan kwana 60, zafin Gombe na Maris da Afrilu zai kashe su in ba ka sanyaya ɗakin ba. Akwatin macijin kuma ya rufu ruf, kada ya kuɓuce. Mutanen da suka san ɓarnar kububuwa a Kaltungo ba za su tsaya tambayar ko yana da dafi ba.