Yadda za ka haɗa tsohuwar kwamfuta da ta zamani ba tare da ka ƙona ko ɗaya ba

Tambaya: Na tarar da kwamfutar marigayi mahaifina, ƙirar 486 mai Windows 95, ta fi shekara 20 a ajiye. Akwai rubuce-rubucensa a ciki da nake son kwashewa zuwa laftof ɗina. Yaya zan haɗa su lafiya?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Don Allah kada ka yi gaggawar kunna ta, domin a nan ne aka fi yin ɓarna.

Fara buɗe murfin alhali ba ta jone da wuta. Yawancin kwamfutocin wancan zamani suna da ɗan batiri mai kama da ƙaramar ganga, liƙe da dalma a kan babban allon. In ya tsufa sai ya riƙa tsiyayar da ruwan da ke cinye layukan tagulla. Idan ka ga kore-kore ko farin gari a gefensa, sa mai gyara ya cire shi ya goge wurin. Sannan leƙa bayan akwatin wutar, akwai ɗan makunni ja mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 ka ba shi wutar 230, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. A kuma auna layin volt 5 da na 12 da ke fitowa daga akwatin wutar kafin a bar faifan ajiya ya sha wutar.

Ni dai shawarata, ka ciro faifan ajiyar gaba ɗaya. Irinsa IDE ne mai fil 40, kuma akwai adafta mai haɗa shi da USB. Da ya bayyana a laftof, kwafe komai tukuna kafin ka buɗe ko fayil ɗaya, don tsohon faifai yana iya tashi yau gobe ya ƙi. In Windows ta nemi ta yi masa fomat, wato ta goge shi ta sake tsara shi, ka ƙi. Sai dai wasu faifan da suka tsufa sosai adafta ba ta gane su.

In haka ta faru, sai a koma ga kafar siriyal mai fil 9 da ke bayan tsohuwar kwamfutar. Kana bukatar wayar da ake kira null modem, wadda aka musanya fil na 2 da na 3 a cikinta, da adaftar USB zuwa RS-232, wato tsarin kafar siriyal ɗin. Kula sosai a nan: siriyal na gaske yana kaiwa wajen volt 12, don haka ƙananan allunan USB zuwa siriyal masu volt 3.3 ko 5 ƙonewa za su yi. Jona wayar alhali duka biyun suna kashe. Buɗe manhajar sadarwa ta HyperTerminal a tsohuwar, irinta Tera Term a sabuwar, daidaita gudunsu, ka tura da tsarin aika fayil na ZMODEM. A gudun 115200, megabayit ɗaya yana cin kimanin minti ɗaya da rabi, kuma rubutu ba shi da nauyi.

Intanet kuwa, kada tsohuwar kwamfutar ta kusance shi. Tun ƙarshen 2001 Microsoft ta daina kula da Windows 95. Kada kuma ka kunna SMB1, tsohon tsarin musayar fayiloli na Windows, a laftof ɗinka don su ga juna, ta wannan kafa bairos ɗin WannaCry ya yi ta'adi a 2017. Fayilolin da ka kwaso, bi su da manhajar kashe bairos, don takardun Word na wancan lokaci suna yawan ɗauke da shi. Waɗanda suka ƙi buɗewa, gwada su da manhajar LibreOffice, tana karanta tsofaffin takardun Word da na WordPerfect.