Ku Tambaya Mu Amsa: Steam Deck, Linux da rigimar gem ɗin ƙwallo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Zariya, na daɗe ina tara kuɗi zan sayi Steam Deck ta hannu, sai wani abokina ya ce kar na kuskura wai Linux ce a ciki ba Windows ba, gem ɗin kwamfuta ba sa tashi a kai. Ni kuma gaskiya ƙwallo nake bugawa, FC wanda a da ake kira FIFA, sai GTA da Call of Duty. Na saya ko na haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka ya faɗi gaskiya rabi, amma sai aka yi rashin sa'a rabin da ya faɗa daidai shi ne ya shafe ka.

Steam Deck na'urar buga gem ɗin kwamfuta ce da ake riƙewa a hannu. Eh Linux ce a ciki, sunanta SteamOS, kamfanin Valve na Amurka ya gina ta a kan Arch Linux, kuma tun fitowar na'urar a Fabrairun 2022 haka take zuwa. Amma maganar wai gem ɗin Windows ba sa tashi tsohon labari ne. Tun 2018 Valve suka fito da wani abu mai suna Proton, wanda aka ɗora a kan Wine, wata manhaja mai tada manhajojin Windows a Linux, shi Proton ɗin aikinsa kamar tafinta ne, gem yana magana da yaren Windows yana neman DirectX, hanyar da Windows ke zana hoton gem, Proton ya juya masa zuwa Vulkan wanda Linux ke ji, duk wannan a bayan fage yake faruwa kai dai ka danna ka fara wasa. Shi ya sa Elden Ring da Cyberpunk 2077 da The Witcher 3 duk suke tafiya a kanta, alhali babu ɗaya da aka rubuta don Linux.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajar kama masu maguɗi da ake haɗawa da gem ɗin onlayin. Wasu daga cikinsu sai sun shiga can cikin ƙwaƙwalwar Windows ɗin kanta suke aiki, Proton kuma ba zai iya ba su wannan ƙofar ba, wasu kuma za su iya aiki da Linux ɗin amma masu gem ɗin ne suka ƙi kunna musu. To duba jerin naka. FC na yanzu ba ya tashi saboda tsaron da kamfanin EA masu gem ɗin suka sa tun daga FIFA 23. Sababbin Call of Duty ba sa tashi. GTA V za ka buga labarin cikinsa lafiya lau, amma ɓangaren onlayin tun da aka sa masa manhajar tsaro ta BattlEye a Satumbar 2024 ya rufe wa 'yan Linux ƙofa. Fortnite da Valorant ma haka, Apex Legends kuwa da yana yi, a ƙarshen Oktoban 2024 suka cire. Ka ga kenan a cikin uku da ka lissafa biyu da rabi sun tafi.

Don haka ni dai ban ba ka shawarar saye ba, sai dai in ka yarda za ka sa mata Windows, wanda ana yi, Valve da kansu sun ba da direbobin, wato manhajojin da za su sa Windows ta gane kayan cikin na'urar, amma daɗin na'urar yana raguwa sosai, musamman wannan abin na ka danna maɓalli ta yi barci ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. In ƙwallo ce ranka ka duba ROG Ally ta ASUS ko Legion Go ta Lenovo, su da Windows 11 suke zuwa. Sai dai ka kula akwai Legion Go S da ke zuwa da SteamOS, kar mai shago ya haɗa ka da ita ka koma gidan jiya.

Kuma ko wacce za ka saya ka tuna Valve ba sa sayar da Steam Deck kai tsaye a Najeriya, duk wadda ka gani shigo da ita aka yi, in ta lalace kai da mai gyara ne. Ka gwada sandunan sarrafa gem ɗin nan biyu ko suna tafiya da kansu, ka gwada ramin caji da na memori kafin ka ƙirga kuɗi.

TAMBAYA: Malam ina da tsohuwar laftof mai Windows 10, an ce Microsoft sun daina kula da ita kuma ta ƙi karɓar Windows 11. In na sa Linux gem ɗina za su ƙara gudu? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Hajiya gaskiya ne, ranar 14 ga Oktoban 2025 aka tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma yawancin tsofaffin na'urori rashin TPM 2.0 ne, wani ɗan abin tsaro a cikin na'ura, ko tsufan firosesa ke hana su hawa 11. Linux za ta sauƙaƙa wa laftof ɗin nauyi, za ki ga ta daina wannan nishin in kin kunna, amma fa ba za ta ƙara mata ƙarfin da ba ta da shi ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne katin hoton da ke ciki yana jin Vulkan ko ba ya ji, domin in tsohon Intel ne sosai Proton zai sha wahala. In AMD ne kin huta, direbansa a cikin Linux ɗin yake zuwa, Nvidia kuma sai kin girka nasu da hannu.

Ki fara da Linux Mint, ita ta fi kama da abin da kika saba. Masu son gem zalla suna yabon Bazzite da aka gina kan Fedora, amma ita na fi so a kan na'ura mai ɗan ƙarfi. Kafin ki goge komai ki shiga shafin intanet na ProtonDB ki rubuta sunan gem ɗinki ɗaya bayan ɗaya, mutane ne ke rubuta yadda ya yi musu, Platinum ko Gold ki ci gaba, Borked kuwa, wato ba ya tashi, ki haƙura. Kuma don Allah ki kwashe hotunanki da takardunki a filasha tukuna.

TAMBAYA: Oga batir ɗin Steam Deck fa? Mu nan sai a yi kwana biyu ba a kawo wuta ba. Daga wani mai shagon caji a Gusau.

AMSA: Ta farko batir ɗinta 40Wh ne, mai sikirin OLED da ta fito a Nuwamban 2023 kuma 50Wh. Gem mai nauyi zai iya shanye ta farkon cikin abin da bai kai awa biyu ba, ƙananan gem kuwa ana daɗewa sosai. Dabarar ita ce ka danna maɓallin ɗigo ukun nan ka rage firem, wato yawan hotunan da take nunawa a daƙiƙa, zuwa 30 ko 40, ka sauke wat ɗin da take ja daga 15 zuwa 8 ko 10, ka rage hasken sikirin. Cajarta 45W ce ta USB-C, saboda haka fawa bank ɗin waya na gama-gari ba zai riƙe ta ba, sai mai PD, wato irin mai ba da caji mai ƙarfi ta USB-C. Data ma ka yi hattara, tana yawan sauke sabuntawa ba ka sani ba, in ka gama sauke gem ɗinka ka buɗe shi sau ɗaya da intanet sannan ka mayar da Steam, manhajar da kake sauke gem da ita, oflayin.