Ka haɗa yaran wuri ɗaya, ɗana

Ɗana, ka tambaye ni kan yaran nan da iyayensu suka kawo maka a Agege don su koyi kalangu: ka riƙa zama da kowanne shi kaɗai har hannunsa ya faɗa, ko ka haɗa su? Ka ce in ka haɗa su ba abin da ke tashi sai hayaniya.

Ka haɗa su. Hayaniyar ba ta daɗewa in ka san yadda za ka raba musu aiki.

Akwai abin da ake nuna wa yaro shi kaɗai, ban musa ba. Yadda zai rataya kalangu ya zauna masa daidai a hammata, yadda zai riƙe makaɗi sako-sako ba ya ƙanƙame shi ba, yadda zai matse tsarkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Wannan kama hannunsa za ka yi, kuma ba ya cin lokaci. Abin da ba zai samu ba in ku biyu ne kawai a ɗaki shi ne kunne. Yaron da ya saba kiɗa shi kaɗai, in ya zo wuri mai wuya sai ya ja baya, in ya zo inda ya iya sai ya zabura, kuma bai san yana yi ba, don babu wanda zai ci karo da shi. Ranar da ka kai shi gidan biki ya shiga cikin makaɗa, sai ka ga hannu yana da kyau amma ya kasa zama da kowa. Gyaran irin wannan yaro ya fi koyar da sabo wahala.

Shi ya sa iyayenmu ba su fara miƙa wa yaro babban kalangu ba. Kurkutu ake ba shi, ko kanzagi, wato ƙananan gangunan rakiya. Bugu ɗaya ne, gajere, zai yi ta maimaita shi ba ƙari ba ragi, babban kalangu yana yawo a kansa, yana magana, yana sauya salo. Da farko duk sanda babba ya sauya, hannun yaron sai ya bi shi, ya bar nasa. Ka lura da fuskarsa a lokacin: ya ciji leɓe, ya kafa ido a ƙasa, kafaɗa ta sandare. Kada ka tsayar da kiɗan. Ka matso kusa, ka riƙa taka masa da ƙafa inda zai gani har ya dawo. Ranar da ka ga ya ɗago kai yana kallon ɗan'uwansa, hannu kuma yana tafiya da kansa, to ya fara zama makaɗi. Duk tsawon zaman nan take da kirari suna shiga kansa ba tare da an zaunar da shi an karanta masa ba. Kafin ya taɓa babban kalangu ya riga ya san taken mahauta da na 'yan dambe.

Dubi maƙwabtanmu Yarabawa. Gangar da suke kira iya ilu, wato uwar ganga, ba a hannun ƙaramin yaro take ba. Ƙananan da ake ce wa omele su yake fara bugawa a bayan mahaifinsa, kuma a tsakiyar taro yake koyo. Aikin ne ya nuna wa kowa hanya.

Na san za ka ce ai marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, shi kaɗai yake kaɗa kuntiginsa yana waƙa. Haka ne. Amma kuntigi daban, kalangu daban. Mu kiɗanmu na jama'a ne, da masu bugu da 'yan amshi, kuma abin da iyayen yaran nan suka kawo su koya ke nan.

Wayar hannu ma kada ta ruɗe ka. Yaro ya saurari kiɗa a waya, yana da amfani. Sai dai waya ba ta jinsa, ba ta harararsa in ya kauce, ba ta dakata masa ya shigo.

To ga yadda za ka yi. Ka zaunar da su a da'ira, kowa yana ganin hannun kowa. A fara da tafi da amshi, ganguna suna ajiye. In tafi ya daidaita, ka miƙa wa mutum ɗaya kurkutu, sai ya zauna sannan na biyu ya shigo. Ka riƙa juya su, kada wani ya dawwama a kan abu ɗaya. Mai saurin ganewa kuwa, wanda na san zuciyarka za ta so ka ɗaga shi, ka sa shi gefen mai rauni ya riƙe shi. In wani ya ɓata, kada ka bari a yi masa dariya, don yaron da aka kunyata gaban tsaransa ba ya dawowa.

Legas ba Kano ba ce, gidan haya kuke, ɗaki jikin ɗaki. Ka nemi izinin mai gida da maƙwabta, ka zaɓi Asabar ko Lahadi bayan la'asar yadda ba za ka ci lokacin boko ko Islamiyya ba, kuma a tashi kafin kiran magariba. Sannan laimar garin nan tana sa fata ta saki, musamman da damina. Ka sa yaran su shanya gangunan a rana kafin a fara, su ƙwanƙwasa su ji da kunnensu ko sun tashi. In an samu suna a unguwa, ka ɗauki biyun da hannunsu ya fi zama su tsaya a bayanka da kurkutu, ni ma zan zo in ji su.