Sabara baƙuwa ce a ƙasar Hausa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne. An ce mu nemo sunan sabara na kimiyya, sai na ga an rubuta Guiera senegalensis. Ke nan daga Senegal aka kawo mana ita? Kuma wani abokina ya dage cewa ita ce geza.

Amsa: Sunan da ka samo daidai ne, amma ba wanda ya kawo mana sabara. 'Yar gida ce a duk faɗin Sahel, tun daga Senegal har Sudan, musamman a jigawa da saura. Masana tsirrai na Turai a Senegal suka fara cin karo da ita, sai suka laƙaba mata sunan wurin. Maɗaci ma Khaya senegalensis ake ce masa, gwandar daji kuma Annona senegalensis, ai kuwa ba mai cewa baƙi ne. Ita kalmar Guiera daga sunanta na harshen Wolof aka ciro ta, kuma wani Bajamushe, Gmelin, shi ya rubuta cikakken sunan a 1791.

Abokinka bai yi nisa da gaskiya ba, don dangi ɗaya suke, Combretaceae, sai dai geza Combretum micranthum ce. In gardama ta ƙi ƙarewa, ku tafi daji. Ka tsinko ganyen sabara, za ka gan shi toka-toka, in ka juya bayansa akwai ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana. Furenta a dunƙule yake, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, 'ya'yan kuma sirara ne masu gashi, a tattare kamar ƙafafun gizo-gizo. Ɗan geza fukafukai huɗu gare shi, ganyenta kuma ja yake yi da rani kafin ya zube.

Tun da noma kake karanta, ni a ganina abin lura ya wuce suna. Manomi ya sassabe ta kafin damina, saiwar tana nan da rai, sai ta sake tofo. Gindinta na tare ƙasa da ganyen da iska ke kwasowa, shi ya sa geron da ke kusa da ita yakan fi kyau. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin reshe biyu ko uku su girma maimakon a share duka.

A takardarka ka fara Guiera da babban baƙi, senegalensis da ƙarami, ka ja layi a ƙarƙashinsu in da hannu kake rubutawa. Malamai na rage maki a nan.