Da wane ma'auni za a auna masu hanƙoron kujerar shugaban ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, kuma a 'yan watannin nan hirarmu a ofishin malamai ba ta wuce batun waɗanda ake hasashen za su fito takarar shugabancin Najeriya a 2027. Wasu suna cewa a dubi yawan jama'ar da ke tarbar ɗan siyasa, wasu kuma suna cewa a dubi yankin da ya fito. Shin akwai ma'aunin da mai hankali zai riƙe tun kafin jam'iyyu su tsayar da kowa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ga alama tambayoyi biyu ne suka cakuɗe muku a wannan muhawara, wato ko mutum zai iya cin zaɓe, da kuma ko zai iya riƙon ƙasa idan ya ci. Kowace tana da nata ma'aunin, kuma sau da yawa wanda ya yi zarra a ta farko ba shi ne ya fi dacewa a ta biyu ba.

Ta farkon ta fi sauƙi, domin tsarin mulkin 1999 ya riga ya fayyace ta. Sashe na 134 bai wadatu da cewa ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u ba, sai ya ƙara da sharaɗin samun aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar, wato jihohi 24 daga cikin 36, tare da ambaton Abuja. Saboda haka cincirindon jama'a a filin taro ba ya nuna komai face farin jinin mutum a wannan gari. Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'u sama da miliyan 12 a 2011 a ƙarƙashin CPC, ya lashe jihohi 12 waɗanda dukansu na Arewa ne, amma bai kai ga gaci ba sai a 2015, bayan haɗakar 2013 da ta haifi APC ta buɗe masa ƙofar Kudu maso Yamma. Haka nan a 2023 Rabi'u Musa Kwankwaso ya tashi da ƙuri'u kusan miliyan 1.5, waɗanda kusan miliyan 1 daga cikinsu daga Kano kaɗai suka fito. Idan aka ambaci sunan wani a zamanku, ku ɗauko taswira ku ƙirga jihohin da zai iya samun rubu'in ƙuri'unsu, sannan ku tambayi su wane ne gwamnoni da jiga-jigan da za su tsaya masa a inda ba a jin harshensa.

Ku kuma tuna cewa sunayen da ake yayatawa yanzu ba lallai ne su kai ranar zaɓe a inuwar da suke ciki ba. Peter Obi ya fice daga PDP a watan Mayun 2022, ana saura kwanaki a yi zaɓen fid da gwani, kuma ya ƙare da ƙuri'u sama da miliyan 6 a jam'iyyar Labour, wadda a da ba a sa ta a lissafi.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a nan ne na fi ganin muhawarorinmu suna yin rauni. Mafi yawan masu neman wannan kujera sun taɓa riƙe wata amana, ko gwamna, ko minista, ko mataimakin shugaban ƙasa, don haka suna da tarihin da za a iya bincikawa ba tare da jiran alkawari ba. Idan tsohon gwamna ne, a duba bashin da ya tarar da wanda ya bari, domin Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa yana wallafa alƙaluman kowace jiha. A tambayi 'yan fansho ko an biya su haƙƙoƙinsu a zamaninsa, a kuma leƙa asibitin da aka buɗe da kaɗe-kaɗe a ga ko akwai likita a ciki bayan shekara biyar. Ku da kuke malamai kun fi kowa sanin bambancin ajin da aka yi wa fenti don zuwan baƙi da ajin da ke da kujeru da alli da malamin da albashinsa ke zuwa a kan kari. Ni a wurina, yadda mutum ya yi da majalisar dokokin jiharsa, da kuɗin ƙananan hukumomi, da 'yan jaridar da suka soke shi, ya fi duk wata gadar sama bayyana irin shugaban da zai zama, domin hali zanen dutse ne.

Game da manufofi kuwa, kada ku tsaya a kan abin da ɗan takara ya ce zai yi, ku nemi jin yadda zai yi shi da kuma wanda zai ɗauki nauyin. Manyan 'yan takara uku na 2023, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alkawarin cire tallafin man fetur, amma kaɗan ne daga cikin masu zaɓe suka matsa a faɗa musu ko a hankali za a cire ko a lokaci guda, da kuma inda rarar kuɗin za ta tafi. Amsar ta zo musu ne a jawabin rantsuwar Tinubu na ranar 29 ga Mayun 2023, inda ya sanar da cire tallafin a lokaci guda.

Tambaya: Wata mai karatu ta rubuto tana cewa ita ba ta ga dalilin ɓata lokaci a kan abokin takara ba, tun da mataimaki ba shi da wani iko sai wanda aka ba shi.

Amsa: Malama, tarihinmu na kusa bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamban 2009 ba tare da miƙa ragama a rubuce ba, ƙasar ta zauna cikin ruɗani har zuwa Fabrairun 2010 da Majalisar Tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi, kuma shi ne ya gaji kujerar bayan rasuwar shugaban a ranar 5 ga Mayun wannan shekara. A 2017 ma Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasar sama da kwana 100 a jere yayin da Buhari ke jinya a Landan, sai dai a wannan karon an aika wa majalisa wasiƙar miƙa mulki kamar yadda sashe na 145 ya tanada. Jam'iyyu sukan zaɓi mataimaki ne don daidaita yanki da addini, wanda lissafi ne na neman ƙuri'a, amma ke mai zaɓe kina da haƙƙin auna shi da ma'aunin da kika auna na gabansa, har da tambayar lafiyarsu da shekarunsu su biyun.