Dalilin da ya sa likita ya raba aikin idon Baba gida biyu

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin ce idon mahaifinki ya karkace bayan ya yi fama da hawan jini, likita kuma ya ce ba zai gyara tsokokin duka a zama ɗaya ba sai an jira wasu watanni, har kina zargin ko neman kuɗi ne. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin tiyatar ido, kuma a ganina wannan likita ya yi abin da ya kamata.

Tsokoki shida ne ke juya kowane ido. Huɗu daga cikinsu, wato na sama da na ƙasa da na gefen hanci da na gefen kunne, suna ɗauke da ƙananan jijiyoyin jini guda 7 waɗanda ke ciyar da gaban ido: kowace tsoka tana da biyu, sai ta gefen kunne mai guda ɗaya. Waɗannan jijiyoyi ne ke kai kusan kashi 70 cikin 100 na jinin da baƙin ido da kewayensa ke rayuwa da shi, sauran kuma yana zuwa ne ta wasu dogayen jijiyoyi biyu daga bayan ido. A aikin harara-garke ana yanke tsoka daga mazauninta a sake ɗinke ta a wani wuri, kuma da an yanke ta jijiyar da ke cikinta ta yanke ke nan, ba ta sake haɗuwa yadda take a da. Sai dai a hankali jini ya nemi wasu hanyoyi, kuma wannan yana ɗaukar watanni.

Shi ya sa likitoci ke guje wa yanke uku daga cikin huɗun nan a ido ɗaya lokaci guda, musamman ga dattawa. Yara ba safai abin ke samun su ba. Amma mai shekaru, mai hawan jini ko ciwon suga, mai cutar sikila, da wanda aka taɓa yi wa aikin bayan ido, duk jininsu bai cika wadatar da gaban ido ba tun asali. Maganar sikila kuwa tana da muhimmanci a wajenmu, don haka kowa ya faɗa wa likita kafin a shiga aiki.

Idan jinin ya gaza, kwana ɗaya ko biyu bayan aiki ake ganewa. Na ga dattijon da ya dawo yana riƙe da ido saboda zafi, ganinsa ya yi hazo, da aka haska fitila sai ga tantanin gaban idon ya kumbura ya yi fari-fari, ɗigon tsakiyar ido ya daina tsukewa da haske, siffarsa ma ta karkace. An sa masa maganin ɗigawa mai rage kumburi akai-akai da atropin, wato maganin ɗigawa mai buɗe ɗigon tsakiyar ido, ya samu sauƙi cikin makonni, kamar yadda akasari ke samu. Kaɗan ne ke ƙarewa da yanar ido ko raunin gani na dindindin, kuma matsalar ita kanta ba ta da yawa.

Ranar da za ku koma, ki tambayi likita tsokoki nawa zai taɓa a aikin farko, da ko akwai damar naɗe tsokar maimakon yanke ta, domin wannan dabara akasari takan bar jijiyoyin da ransu. Kafin nan Baba ya riƙa shan maganin hawan jininsa a kan lokaci. Allah Ya ba shi lafiya.