Filin Lambu: Tumatir a kwandon rataye da rigimar ban ruwa

Assalamu alaikum. Ina zaune a hawa na biyu a Gwarimpa, ba ni da wurin shuka sai baranda. Na dasa tumatir a kwanduna uku na rataye. Kullum da safe ina ba su ruwa, amma in na dawo aiki da la'asar sai in tarar ganyen ya langaɓe. Kuma da na zuba ruwa sai ya tsiyayo ta ƙasa nan take. Ruwan ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan? — Wata ma'aikaciya, Gwarimpa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwan naki ba ya shiga ƙasar ne, ta gefe yake bi ya wuce. Ƙasar kwando idan ta bushe ƙamas takan takure, ta rabu da jikin kwandon, ta bar rata. Duk abin da aka zuba sai ya bi ratar ya fice, saiwa kuwa tana tsakiya ko ɗigo bai same ta ba. Ki ɗaga kwandon bayan kin ba shi ruwa: in kin ji shi sakayau, to bai sha ba. Ki sauko da shi ki tsoma a baho, ruwan ya kusa kai bakinsa, ki bar shi minti 30 ko sai kumfar iska ta daina tasowa. Ya tsane, sannan ki mayar. Daga ranar kada ki sake bari ya yi irin wannan bushewa.

Kwando mai faɗin santimita 35 ƙasar da yake ci kamar lita 10 ce kawai, kuma iska na bugunsa ta sama da ƙasa da kowane gefe. Tumatir guda da ya girma ya fara 'ya'ya yakan sha lita 1 zuwa 2 a yini. Saboda haka daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35, ban ruwa sau ɗaya ba zai kai shi yamma ba. Ki ba shi kamar lita 1 bayan asuba, wata lita da yamma. A hankali ake zubawa, a gindi ba a kan ganye ba, rabi-rabi, da tazarar 'yan mintuna. Hunturu ma mayaudari ne: gari da sanyi, amma busasshiyar iskarsa tana shanye kwando kamar rana. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne yatsa. Ki cusa shi gaɓa biyu. In ya fito a bushe, lokaci ya yi.

Tunda ba kya gida da rana, ki samo gorar ruwa ta lita 1.5, ki huda murfinta sau ɗaya ko biyu da allura mai zafi, ki yi wata ƙaramar huda a gindinta don iska ta shiga, ki cika, ki kife ta cikin ƙasar. Ki fara gwadawa a ranar hutu. In ta ƙare cikin awa ɗaya hudar ta yi girma. In yamma ta yi tana cike, ƙasa ta toshe ta, sai ki naɗe murfin da ƙyalle. Ki rufe fuskar ƙasar da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu biyu. In kwandon na waya ne ko na kaba, a dashe na gaba ki shimfiɗa masa leda a ciki, ki huda ta santimita 3 sama da gindi, don ɗan ruwa ya riƙa kwanciya.

Ki kuma duba ko kwandon yana kusa da injin AC na waje. Iskar da yake hurawa ta isa ta ƙona shukar komai ruwan da aka ba ta. Awa 6 na rana ya wadatar, kuma ranar safe ta fi ta yamma sauƙi.

Tumatirina yana yin 'ya'ya, amma gindinsu sai ya yi baƙi ya lotsa, wasu kuma su tsage. An ce in zuba ɓawon ƙwai. — Wani magidanci, Kubwa

Malam, ciwon biyu ne amma tushensu ɗaya. Baƙin gindin nan ba ƙwari ba ne, ba kuma cuta ce mai yaɗuwa ba, don haka kada ka ɓata kuɗinka a maganin feshi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan tumatirin ba, shi kuwa kalsiyam a cikin ruwa yake hawa daga saiwa. Yau a jiƙe, gobe a bushe, jigilar ta katse, ko da ƙasar tana da shi. Tsagewar kuma tana zuwa ne in shuka ta sha ƙishi sannan aka malala mata ruwa: ciki ya kumbura da sauri, fata ta kasa bi. Ɓawon ƙwai ba laifi, sai dai yakan yi watanni kafin ya narke, ba zai ceci wannan zubin ba. Ka cire waɗanda suka lalace, ka tsayar da lokacin ban ruwa, ka kuma rage takin yuriya in kana sawa, domin tana ingiza ganye ya ƙwace wa 'ya'ya rabonsu.

Wane iri ya dace da kwando, kuma wace ƙasa zan haɗa? — Ɗalibi, Lugbe

Ɗan'uwa, ka nemi iri mai ƙananan 'ya'ya wanda ke zubo da reshe ƙasa, irin su Tumbling Tom. Roma VF da UC82B da manomanmu suka saba da su gajeru ne, za su rayu, amma 'ya'yansu na da nauyi, reshe yakan karye a bakin kwando. Su bokitin fenti mai lita 20 a ƙasa ya fi musu. Tushe ɗaya a kwando ɗaya. Uku in ka cusa, ukun za su wahala.

Haɗin ƙasa: kashi 2 baƙar ƙasar lambu, kashi 1 taki da ya ruɓe sarai, kashi 1 garin ɓawon kwakwa ko buntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Jar ƙasar nan ta gefen gini kuwa in ta bushe dutse take zama. Ka dasa shukar tana da mako 3 zuwa 4, ka binne karanta har wajen ganyen farko, zai fitar da ƙarin saiwa. Yawan ban ruwa yana wanke taki, don haka da zarar fure ya fito ka narka cokalin shayi ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a lita 5 na ruwa, ka ba shi sau ɗaya a mako, kan ƙasa mai danshi. Maganar maratayi kuma ba ta wasa ba ce: jiƙaƙƙen kwando yakan kai kilo 10, ƙusa ba za ta riƙe shi ba. A kafa ƙugiyar ƙarfe cikin kankare, a rataya da sarƙa, kuma ba saitin inda mutane ke wucewa a ƙasa ba.

Fure yana fitowa da yawa amma sai ya kakkaɓe, ko ɗa ɗaya babu. — Wata uwargida, Karu

Hajiya, in a bazara ne, zafi ne. Rana ta wuce digiri 32, dare kuma bai sauka ƙasa da 21 ba, garin furen da ke sa shi ɗaukar 'ya'ya yakan lalace. Shi ya sa tumatirin Jos ke yin kyau a lokacin da namu ke zubar da fure. Ki yi dashe a Oktoba ko Nuwamba don furen ya faɗo cikin sanyi. Wanda ke hannu yanzu, ki kare shi daga ranar azahar zuwa la'asar, kuma da hantsi ki ɗan girgiza kwandon don garin furen ya motsa, domin a saman bene ƙudan zuma da ke wannan aikin ba su cika zuwa ba.